Hannun da Zai Yi wa Jikata Wanka

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai, har nakan manta inda na ajiye carbina, amma akwai ranar da ba zai iya kwashewa ba. Ita ce ranar da na ce wa likitoci a'a, alhali babu abin da nake so a duniya kamar in ce musu to.

Tun ina budurwa nake fama da kirci, ciwon fatar nan da 'yan asibiti ke kira ekzima. Nawa a hannu ya yi gida, daga yatsu har gwiwar hannu. In ya tashi sai ka ce an barbaɗa mini barkono, in yi ta susa har fata ta tsage ta yi ruwa, ta bushe ta yi ɓawo. Babu abin da ban shafa ba, man kaɗanya, man shanu, saiwoyin da ban ma san sunansu ba. Abin da ke kwantar da shi kawai wani man shafawa ne da likita ya rubuta mini. Muddin ina shafawa yakan lafa, in kuwa na bari sai ya dawo da fushinsa.

Ƙaiƙayin ma da sauƙi a kan idon mutane. Atamfa nake sayarwa a Kasuwar Jalingo, na saba da mace ta karɓi yadi daga hannuna da yatsu biyu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani suna da aka yi a unguwarmu ta Kachalla Sembe. Na ɗauki jaririn ina yi masa wasa, sai kakarsa ta taso ta zare shi daga hannuna, ta ce, "Kawo shi nan, Hajiya, jikin jariri ba ya son wasa." A gaban mata cike da ɗaki! Na yi murmushi, na ci shinkafata, na koma gida na yi kukana. Daga ranar ban sake miƙa hannu ga jaririn kowa ba.

Sai ga 'yata da ke aure a Iware ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. Kowa ya san aikin wa ke nan. Ni zan yi mata wankan jego, ni zan wanke jariri safe da yamma, in gasa masa cibi. Na shiga lallaɓa hannuwana kamar ƙwai. Na bar wanki, na bar wanke-wanke, mai kuwa ba na fashin shafawa.

Ana cikin haka babban ɗana ya shigo da murna. Ya ce, "Dada, Allah ya kawo sauƙi. Wasu likitoci sun zo gwajin sabon maganin kirci, manya suke nema." Ko mayafi ban gama gyarawa ba ya tare mana keke napep.

A barandar asibitin na ga ashe ba ni kaɗai ba ce. Wani direban tifa da wuyansa ya yi baƙi saboda susa ya ce shi ya gaji, ko kalanzir suka ce ya sha zai sha. Wata mata kuwa da ta ji za a riƙa ɗaukar hoton wurin ciwon, sai ta ja gyalenta ta tashi, don nata a ƙirji yake. Wani manomi ya tambaya sau nawa za a riƙa zuwa, da aka ce masa kowane mako sai ya yi dariya, ya ce to wa zai yi masa noma da damina ta kankama? Ni dai ina zaune ina cewa a raina, duk abin da suka ce zan yi.

Nas ɗin da ta karɓe mu Mumuye ce, mai fara'a, Hausarta irin ta garin nan da ba ta damu da mace ko namiji ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce za a riƙa ɗibar jini ana dubawa, na ce a ɗiba. Ta ce wasu za su samu maganin gaske, wasu man da babu komai a cikinsa, ita kanta ba ta san wa zai samu wanne ba. Na ce wannan ai rabo ne, mai rabo ka samu. Sai ta ce, "Amma Mama, kafin a fara, sai ka daina shafa wancan man naka na wasu makonni, don a gane aikin sabon."

Na ce, "Daga yaushe?"

Ta ce, "Daga yau."

Watan haihuwar 'yata ya riga ya tsaya. Na san hannuna kamar yunwar cikina, na san yadda zai koma in na bar man nan. Na roƙe ta ko za a jira ni a yi arba'in. Baiwar Allah ta tashi ta je ta tambayi babban likita, ta dawo tana girgiza kai. Kafin lokacin sun rufe ɗaukar mutane.

Na ce, "To ku yi haƙuri, ba zan shiga ba."

Ɗana ya zabura. "Haba Dada! Shekara da shekaru kina kuka da ciwon nan. Ko kin bi maganar 'yan kasuwa ne masu cewa jinin mutane ake sayarwa?"

Na ce, "Kai, rufe mini baki! Jinin nawa da sauro ke sha kyauta kullum, wa zai saya?" Nas ta tuntsire da dariya, ni kuwa idona ya riga ya cika. Na miƙa masa hannuwana na ce, "Saboda ƙanwarka ne. In na bar man nan, ranar da za ta sauka hannuna ya zama ɗanyen nama. Wa zai wanke jaririn? So kake dangin mijinta su zo su zare shi daga hannuna, a cikin gidana?"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Nas ɗin nan ta kama hannuwana biyu da nata, babu safar hannu, babu ƙyama, ta ce, "Mama, kai ne mai hannu, kai ne zai zaɓa. Ba wanda zai yi fushi, kuma gobe in ka zo asibiti za mu duba ka kamar kullum." Wallahi na daɗe ban ji daɗin maganar mutum haka ba.

Allah ya sauke 'yata lafiya, aka samu mace. Na tafasa ruwa da ganyen darbejiya na yi wa uwar wanka, na sirka wani na ɗora jikata a cinya na wanke ta tas. Ruwan zafi ya ci hannuna, ba zan ɓoye ba, amma fatar ba ta tsage ba. Ranar suna uwar mijin 'yata ta tsaya a kaina ina wankan, ta gama kallonta, ta ce, "Sannu da aiki, Hajiya." Shi ke nan abin da ta ce, ni kuwa ji na yi kamar an biya mini Makka.

Bayan wasu watanni na haɗu da direban tifar nan a kasuwa, wuyansa ya yi sumul. Ya ce shi ma bai san wanne aka ba shi ba, ya dai ji sauƙi. Na taya shi murna, amma na ji kishi, kishi sosai.

Ba a daɗe ba 'yata ta zo daga Iware hankali tashe. Kumatun yarinyar sun yi ja sun yi ƙuraje, tana ta goga fuska a zanin uwarta tana kuka. Ina gani na gane shi. Na ce shi ke nan, ni na shafa mata. Muka garzaya asibiti, likita ya duba ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ciwon nan ba a ɗaukarsa ta taɓawa. A jini yake bi, ko ba ki taɓa ganinta ba zai iya fito mata." Na ji sanyi, na kuma ji wani sabon ciwo, don na san doguwar hanyar da ke gaban yarinyar nan.

Ban bar asibitin ba sai da na nemo nas ɗin. Na ce mata in aka sake kawo wani gwajin, ni ce ta farko. Ta ce, "Ko za su ba ka man da babu komai a ciki?" Na ce ko ruwan randa ne a ba ni, in dai za a gano abin da zai yi wa wannan yarinya magani.

Abin da na koya ke nan. In ka ga mai ciwo ya ƙi shiga gwajin magani, kada ka yi saurin ce masa jahili, tambaye shi abin da ya baro a gida. In ka ga wani ya shiga, ba lallai don kansa ba ne. Ni dai yarinya ɗaya ce ta hana ni shiga, ita ce kuma ta sa har yau, tana firamare tana susar hannu, nake jiran a kira ni.