Shekara Shida Ana Gaishe Da Zulai

Damina shida ke nan da aka kawo mana gawar jikata Zulai daga asibitin Birnin Kudu zuwa gida, garinmu Sara. Zazzaɓin kwana huɗu ne. Ni na yi mata wanka. Na cuɗa hannayenta har na gaji, shuni ya ƙi fita. Haka aka naɗe ta a farin likkafani da shuɗin yatsunta.

Ni ban yi boko ba. Da baki na faɗi wannan, aka rubuta, aka karanta mini, na ce haka ne.

Rini ne sana'ar Zulai, a hannuna kuma ta koya. An haife ta shekarar da aka yanke mana Jigawa daga Kano. Kafin ta girma, mata sun watsar da shunin baba sun koma garin rini na kanti, mai kamawa nan take. Ita ta ce a'a. Ganyen baba daga Farin Dutse, farin saƙi daga wurin wani tsohon masaƙi a Dingaya, toka daga murhuna. Mako guda randar rini ke yi kafin ta nuna, Zulai kuwa ba ta gaggawa.

Da ta sami waya mai hoto, sai ta riƙa jingine ta a jikin turmi tana yi wa mutanen da ba ta gani magana. In ce, "Ke da aljanunki kuma?" Ta ce, "Kaka, aljanun nan suna sayen zane." Ba ta dogon wa'azi. Abu ɗaya take yi a ƙarshen kowane hoto: ta kamfaci ruwan ɗauraya, ta zuba a gindin zogalen tsakar gidanmu, ta tsinki ganye ta tauna, ta ce, "Abin da ƙasa ba za ta sha ba, ba zan sa wa jikinki ba." Saboda zogalen nan matan birni suka yarda da ita, suka riƙa aiko direbobi karɓar kaya.

Bayan rasuwarta, ƙaninta Habu ya ɗauki wayar, ya ci gaba da rini a bayan gida. Amma garin kanti yake sayowa daga Kano, mai warin da ke shaƙe maƙogwaro. Ruwan ya bi kwata, ya ratsa gindin zogale, ya gangara rafin da mata ke wanki, shanu ke sha. Damina biyu zogale ya bushe. Na gani, na yi shiru. Yana da mata da 'ya'ya uku, gona kuwa ba ta kai mu shekara.

Da hantsi ina tankaɗe sai in ji muryar Zulai daga ɗakin Habu. Sallamarta, dariyarta, har da ɗan tarin da take yi idan hayaƙi ya shige ta. A bayan muryarta zakara na cara, zakaran da muka yanka ranar sadakar bakwai ɗinta. Sai in yi salati. Na ɗauka kewa ce ke sa yaro kallon yayarsa.

Watan jiya, ranar kasuwa, wata Hajiya daga Kano ta yi sallama, lulluɓe da shuɗin mayafi. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa.

"Inna, ina Zulai? Biki za ni Gwaram, na ce sai na ga zogalen nan da idona."

Na ce, "Wace Zulai?"

"Mai rini mana! Shekaranjiya ma muka yi hira. Ta ce mura ta kama ta, shi ya sa ba ta ɗaukar kira, sai rubutu."

Ta buɗe wayarta ta miƙo mini. Ga Zulai tana tauna ganye, ga zogale kore shar. Na ɗaga kai, ga kututturensa a gabana an ɗaure akuya. Na ce ta karanta mini rubutun da ke ƙasa. Wannan ta ce Allah ya ƙara lafiya, waccan ta ce Allah ya ja kwana. Kowace kuma an amsa mata da sunan Zulai.

Na faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta cire mayafin nan a hankali, ta ninke, ta ɗora a cinya. Ruwan ma ba ta sha ba.

Da Habu ya dawo na tare shi a zaure. Ya fara da wasan da ya saba, "Tsohuwa, yau wa ya taɓa mini ke?" Da ya ga fuskata sai ya sunkuyar da kai.

"Kaka, ni fa ban ce tana da rai ba. Ban dai ce ta mutu ba. In suka ji, kasuwar ta tashi. Me yaran za su ci?"

Na ce, "Shekara shida ana roƙa wa mai kwance a kabari tsawon kwana, ba mai cewa Allah ya jiƙanta. Ka tare mata addu'a, ka kuma sa ta ƙarya da bakinta."

Ina yawan tambayar kaina abin da Zulai za ta ce da ta ga wannan zamani, da murya ke fita kasuwa bayan mai ita ta zama ƙasa. Na san ba za ta zagi Habu ba, ita ta goya shi. Rafi za ta fara zuwa ta duba kalar ruwa. Maganarta ita ce jarinta, ba ta bar wani abu da ya fi ta ba, ita kuwa aka ɗauka ana tallar abin da ta ƙi.

Kwana uku ba mu yi magana ba. A na huɗu ya zo da kansa, ya durƙusa, ya riƙe wayar a gabana yana ɗaukar hotona don masu sayen zane su gani. Na faɗi sunana, na ce ni ce kakar Zulai. Na ce ta rasu damina shida da suka wuce, duk zanen da aka saya bayan nan ba aikinta ba ne, ba kuma na baba ba ne.

Ciniki ya tsaya cik. Ban san abin da Habu zai koma yi ba, shi ma bai sani ba. Amma kullum bayan la'asar yakan zauna kusa da ni ya karanta mini saƙonnin. Masu zaginsa ma ba ya tsallakewa. Sauran kuwa ta'aziyya ce, daga matan da ban taɓa gani ba, wasu saƙon murya suka aiko, da kuka a muryarsu. Na fito da tabarmar makoki na sake shimfiɗawa. Duk wadda ta ce Allah ya jiƙan Zulai, ina amsa amin da ƙarfi, kamar yau aka fita da ita.