Cigiyar Yayana a Bakin Teku

Yayana ya iso New York da jaka ɗaya da ciwon gwiwa, ya sauka a gidana a unguwar Mount Hope, falo ya zama ɗakinsa. Ya gwada kai abinci a keke, gwiwa ta ƙi. Ya gwada tsayuwar shago, nan ma ta ƙi. Ni kuwa ina aikin kula da tsofaffi, abin da za mu ci bai gagare mu ba. Amma shi abincin nan tamkar ƙaya yake a wuyansa, don a gidanmu ba a taɓa ganin ƙanwa tana ciyar da babban wa ba. Sai ya tsiri azumin nafila ba ƙaƙƙautawa. Ranar da ba ya azumi kuma ya ce ya ci a waje. A wajen wa? Wa ya sani a garin nan?

Wata rana ya shigo da na'urar neman ƙarfe, ta hannu, mai doguwar sanda da faifai a ƙasa. Irinta ya yi shekaru yana ja a hamadar Jado lokacin da zinariya ta ɓulla, kuma kunnensa ya san kukanta. Ya ji labarin masu bin bakin teku suna tono zobba da sarƙoƙin da masu wanka suka zubar, su kai shagunan zinariya na unguwar Jamaica a auna a biya su. Na yi masa dariya son raina. Shi ko a jikinsa.

Ashe ya iya. Ban da murafun kwalba da makullai da kwabbai, ya fara kawo ɗan kunne guda, ƙaramin zobe, har ranar da ya dawo da wata sarƙar zinariya mai kauri, ya ɗora min a tafin hannu na ji nauyinta. Na ce to Alhamdu lillahi, gobe sai Jamaica.

"Wace Jamaica?" in ji shi. "Wagga ba irin ta daji ba ce, ƙanwata. Ta daji ba ta da mai ita. Wagga tsintuwa ce, sai an yi cigiya shekara guda."

Ya riga ya tambayi malam a masallaci. Ƙananan abubuwa zai iya amfana da su, amma mai daraja sai ya nemi mai shi a inda ya tsince shi har shekara ta zagayo. Na ce Yaya, nan fa ba kasuwar Maraɗi ba ce da za ka sa mai shela. Ya ce ai Allah bai ce ban da Amurka ba.

Haka ya riƙa yi. Kafin ya kunna na'ura sai ya bi tsakanin mutanen da ke kwance rabi tsirara, idonsa a ƙasa don kunya, yana kira da ɗan Turancinsa wa ya yar da zinariya. Ba ya nuna ta, sai mutum ya siffanta. Masu cewa tasu ce ba su ƙirguwa, amma da ya ce yaya take sai su yi dariya su koma su kwanta. Sanyi ya zo, bakin teku ya zama ba kowa sai tsuntsaye, bai fasa ba. Ni dai haushi nake ji da tausayi a haɗe. Ya riga ya tsara komai: da shekara ta cika zai sayar, ya kama gado a ɗakin wasu 'yan garinmu, ya kafa teburin huluna da tabarau, ya ci guminsa.

Zafi ya dawo, shekara ta kusa cika, na bi shi wata Lahadi don in sha iska. Yana cikin kiran nan nasa wata dattijuwa ta tashi daga kujerarta ta tare mu. Ni na yi tafinta. Ta ce bara ta yar da sarƙar mahaifiyarta a nan, ta faɗi kaurinta, ta ce maɗaurin ya taɓa karyewa aka gyara shi da farin ƙarfe. Ina fassarawa ina kallon fuskar Yayana. Ya sa hannu cikin aljihun ciki, ya warware ƙyalle, ya miƙa mata. Matar ta fashe da kuka ta rungume shi, shi kuma ya sandare, hannuwa a sama, yana salati. Ta buɗe jaka za ta ba shi wani abu, ya girgiza kai ya ja baya.

Muka hau jirgin ƙasa muka koma. Da muka isa gida na zuba masa shinkafa da miya, ya ɗan taɓa ya ture, wai ya ƙoshi. Nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da ya hana kowa a gidanmu ambata.

"Yaya, tikitin da ya kawo ni ƙasar nan, da zinariyar wa anka saye shi? Wa ya baro gwiwarsa a Jado? Wanga abinci naka ne tun kafin in dafa shi. In ba ka ci ba, wallahi ni ma na bar ci."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce ba ni da kunya, tun ina yarinya haka nake. Sannan ya jawo shi ya cinye tas, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

"Akwai saura?"