Jan Zaren Malam Mika'ilu

Malam Mika'ilu ne mai riƙe da ma'ajiyar ƙungiyar manoma a Zakirai, kuma ban taɓa ganin mutum mai tsirfa irinsa ba. Takardar ofis suna kawai take nema, gero ko dawa. Shi kuwa kowane buhu sai ya amsa masa tambaya uku: kwana nawa yake nuna, wace ƙasa yake so, an barbaɗa masa maganin ƙwari ko ba a barbaɗa ba? Da yake yawancinmu ba ma karatun boko, sai ya mayar da amsoshin igiya a bakin buhu. Ƙulli uku wata uku ke nan, jan zare kuma iri ne mai guba, na shuka kawai. Mu dai dariya muke, muna cewa ya yi wa buhu kitso.

Shekarar fari, mota ta sauke buhunan agaji. Duk ya gano asalinsu, ban da ɗaya da ya zo babu takarda. Ya ajiye shi gefe, ya ce ba na ci ba ne, ba na shuka ba, sai an san ko mene ne.

Yunwa ba ta san wannan ba. Da hantsi jama'a suka cika ƙofar, ana ta cewa ɓoyewa ya yi don gidansa. Har da ni a masu faɗa, kuma har yau ina jin kunya. Malam Mika'ilu ya aika aka kawo kazarsa, ita kaɗai ta rage masa, ya watsa mata gero daga buhun. Muka zauna muna kallon kaza.

Kafin azahar ta fara layi, ta kife.

Sai yayarsa Hure, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta matso.

"Mika'ilu, na ɗebi tiya ɗaya da safe, sanda ka fita alwala. Na bar Sauda tana dama kunu."

Mutumin da ko sauri bai iya ba ya zura a guje, babu takalmi. Ya tarar yaran sun jeru da ƙoƙunansu, 'yarta Sauda ta ɗaga ludayi. Da ƙafa ya kifar da tukunyar, kunun ya ƙona shi har ƙwauri.

Ya koma yana ɗingishi, ya ɗaura wa buhun jan zare. Ƙaramin cikin yaran ya daɗe ba ya gaishe shi, wai kawu ya zubar musu da abinci.