Makunni na Bakwai

Rumfata ta faci tana jingine da katangar garejinsu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Shekara talatin da ɗoriya muna shan inuwa ɗaya da mutumin nan. Yana da sunansa na yanka, amma ba mai kiransa da shi. Shuɗi ake ce masa, domin duk wayar da ya haɗa a cikin mota da shuɗin salatif yake naɗe ta. Sauran masu gyaran waya baƙi suke sawa. Shi ya ce yana son duk inda aikinsa ya je a gane hannunsa. A lokacin, yanga muka ɗauki abin.

Su biyu ne a garejin, shi da wansa da kowa ke kira Babba. Babba na inji, Shuɗi na waya. Babba mutum ne mai jiki da dariya, in ya yi atishawa sai tantabaru sun tashi daga kan kwano. Shuɗi kuwa siriri ne, maganarsa ƙididdigaggiya, kullum da filaya a aljihun gaba.

"Ƙanena, kai da aikinka duk sirara ne," in ji Babba. "Ranar da aka kawo aikin maza, ka koma gefe kada iska ta ɗauke ka."

"Yaya, in na zare siririn nan guda ɗaya, ƙaton injinka ya zama dutse."

Haka suke tun safe har a tashi.

A waɗancan shekarun ne aka fara kawo wasu a-kori-kura masu shan dizal, masu canza giya da kansu. Motoci ne masu ƙarfin gaske, ko ba ka taka ba suna ja. Sai dai suna da lalura guda. A gefen akwatin giya, ta ƙasa, akwai wani ɗan makunni da bai fi tafin hannu ba. Aikinsa ya gaya wa motar a wace giya take. In tana fakin ko firi, ya bar wuta ta wuce inji ya tashi. In tana giyar tafiya, ya hana. To wurin da aka ɗaura shi nan ruwa da laka da zafin salansa suke haɗuwa. Damina ɗaya ta wuce, sai ya fara ruɗewa. Mota tana fakin, shi ya dage cewa tafiya take. Ka murɗa makulli har hannunka ya gaji, shiru.

Sabon makunni a wancan lokacin sai an aika nesa an jira mako uku ko huɗu. Direba da kaya a baya kuwa ba ya jin kalmar jira. Sai Shuɗi ya gano gajeriyar hanya. Ya kwanta a kan kwali, ya yanke waya biyu a bayan makunnin, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da shuɗin salatif. Shi ke nan, wuta ta daina neman izinin kowa. Minti goma mota ta tashi.

Yakan ce wa direban, "Na wucin gadi ne fa. In sabon ya iso ka dawo. Kuma kada ka tada ta sai ka duba giya."

Kowa ya ce to. Ba wanda ya dawo. Wa ke komawa wurin likita bayan ya warke?

Masu gyaran mota suna da wata ɗabi'a. Ba sa son zama a kujerar mai mota da kayan baƙin mai a jikinsu, kada su ɓata masa wuri. In za a tada inji, sai su miƙa hannu ta taga daga waje su murɗa makulli. Ladabi ne, ba ganganci ba.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, rana ba ta ma yi zafi ba. Wata farar a-kori-kura ta shigo, wai injinta na wani kuka. Direban ya kai hancinta kusa da katanga, ya kashe, ya fita neman ruwan sha. Bai mayar da giya fakin ba. Babba ya ɗaga murfin inji, ya tsaya tsakanin motar da katanga, ya cusa kai ciki.

"Ƙanena, ba ta wuta in ji kukan."

Shuɗi ya goge hannu a tsumma, ya miƙa ta taga. Motar nan shi ya haɗe mata waya wata huɗu kafin ranar.

Ina manna faci a tayar keke lokacin. Na ji inji ya tashi, na ji wani sauti a bayansa wanda ba zan kwatanta ba. Tantabaru suka tashi daga kan kwano. Katangar ta tsage daga sama har ƙasa, ta ɓangarena ma ana gani.

Babba ya kwana biyu a asibiti. An ce sau ɗaya ya yi magana, ya tambaya ko an rufe murfin injin kada ƙasa ta shiga.

Ba wanda ya ɗora wa Shuɗi laifi. Matar Babba ta ce kwana ne ya ƙare. Direban ya ce shi ne ya bar mota a giya, ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro. Bayan mutane sun watse na hango Shuɗi ta tsagar katanga, ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashin farar motar. Ya daɗe a can. Da ya fito, akwai wani ɗan shuɗin abu a hannunsa.

Bayan mako guda ya zo rumfata ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Maƙwabci, bakwai ne."

"Me ne bakwai?"

"Motocin da na haɗe wa waya, har da wannan. Saura shida suna yawo a kan hanya, kuma ko wacce akwai mai tsayawa a gabanta."

Ya aika aka kawo masa sababbin makunnai bakwai. Ya jera su a kan kanta cikin kwalayensu. Na farko ya ɗaura wa farar motar kafin ya bari a fitar da ita.

Mota ta biyu da ta uku ba su ba shi wuya ba, ya san direbobinsu. Ta huɗu tana wurin wani mai buga bulo, wanda ya ce motarsa lafiyarta ƙalau, ba ya son tsirfa. Shuɗi ya zauna a ƙofar wurin kwana uku da kwalinsa a cinya, har mutumin ya ji kunya ya miƙa masa makulli. Ta biyar ya same ta a wurin masu sayen gwangwan, ba inji, ba tayoyi, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Duk da haka ya kwanta ya raba wayoyin, ya ɗaura makunnin. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Mota ba ta mutuwa. Wani zai zo ya tashe ta." Ta shida ta ci masa shekara huɗu.

Ta bakwai koriya ce. Direbanta baƙo ne, mai wucewa, ruwan sama ya koro shi garejin wata rana, ya tafi ba a san daga ina yake ba. Ko lambarta Shuɗi bai riƙe ba.

Tun daga nan ba a-kori-kura irin wannan da za ta tsaya a gabansa bai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ba. A tasha, a bakin kasuwa, a ƙofar asibiti. Direbobi suka mayar da shi abin wasa.

"Shuɗi, yau ma gaida motoci ka fito?"

"Me ka yar a can, mu taya ka nema?"

Sai ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Abina nake nema."

Bai ƙara miƙa hannu ta taga ba. Zai shimfiɗa buhu a kujera, ya zauna, ya taka birki, ya duba giya. Sannan ya ɗaga murya: "Akwai mutum a gaba?" Ko da filin garejin ba kowa sai ya tambaya. Bayan tambayar kuma yakan ɗan saurara, kamar mai jiran a amsa.

Bai bari a shafe tsagar katangar ba. Ya karɓi tsofaffin tayoyi a wurina ya tara a gabanta, don kada wata mota ta ƙara kai hancinta wurin. Ya riƙe 'ya'yan Babba har kowa ya kama gabansa. Uwarsu takan kawo masa abinci da rana. Sau ɗaya na gan ta ta ɗauki kwalin nan da ya rage a kanta, ta goge masa ƙura da bakin mayafinta, ta mayar da shi daidai inda yake. Ba ta tambaya ko na mene ne ba. Daga nan na fahimci ba ni kaɗai na leƙa ta tsagar katanga ba.

Shekara goma sha tara. Yanar ido ta rufe masa gani, aiki ya ragu, ya koma zama a benci yana sauraren motocin da ke wucewa. Wata rana ya ce mini, "Maƙwabci, ba mutuwar nake tsoro ba. In na tafi, wa ya san tana yawo?"



Wata ranar da yamma, rana ta karkata, wata jar a-kori-kura ɗauke da buhunan gawayi ta tsaya a rumfata da tayar baya a kwance. Direban mai tumbi ne, mai surutu, matarsa tana zaune a gaba. Na kafa jak, na durƙusa. A inda fenti ya ɓare kusa da ƙofa na ga kore. Na ƙara sunkuyawa. Can ciki, gefen akwatin giya, akwai wani dunƙulen laka a jikin waya. Na kankare shi da farce.

Shuɗin salatif ne. Na ɗago kai.

"Maigida, motar nan tana tashi a giya?"

Ya kwashe da dariya. "Baba, wannan ba ta da girman kai, a ko wace giya tashi take. Shi ya sa nake son ta. Sau biyu tana tsalle ta daki ƙofar gida."

Matarsa ta leƙo ta taga. "Ka ce ta kusa taka ni ina shanya. Wannan ka manta."

"Kai, mata! Bari ka gani, Baba." Ya miƙa hannu ta taga wajen makulli.

Ban san ina da sauran ƙarfi irin wannan ba. Na riƙe wuyan hannunsa har sai da ya ce wayyo. Sannan na juya wajen katanga na yi kira.

"Shuɗi. Zo da kwalinka."

Bai yi gudu ba. Ya zo a hankali yana laluben hanya da ƙafa, kwalin a ƙirjinsa, duk ya yi laushi don tsufa. Na sauke jak, muka sa duwatsu a tayoyi. Ya kwanta, ya shiga. Na ga hannunsa ya hau wayar ya tsaya. Ya daɗe haka.

"Tsohon nan barci ya yi ne?" in ji direban.

"Yi shiru mana," in ji matarsa.

Da lalube ya yi aikin duka. Ya warware salatif ɗin, ya raba wayoyin, ya mayar da ko wacce gidanta. Ya ce a sa giya a firi. Ya kwance tsohon makunnin da ya zama kamar busasshen ƙashi, ya goge wurin, ya zura sabon, ya bi 'yan layukan da ke jikinsa da farce har suka daidaita, sannan ya ɗaure. Aka gwada a fakin, ta tashi. A firi, ta tashi. Aka sa ribas, fitilar baya ta kama.

Na gama facina, na ɗauka an gama. Sai ya ce a shigar da motar gareji. Ya janye tayoyin nan da ya tara ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kai hancin motar kusa da katanga, aka kashe. Ya shiga tsakani, bayansa a jikin tsagar.

"Sa ta a giyar tafiya. Fito waje. Murɗa ta taga."

Direban ya ja da baya. "A'a, Baba. Ni ba da ni ba."

"Maƙwabci," in ji Shuɗi. "Kai ka murɗa."

Na so in ce masa wannan ba hankali ba ne. Na dubi fuskarsa, na fasa. Na sa giyar tafiya, na fito, na miƙa hannu ta taga. Makullin yana da ɗumi. Na murɗa.

'Yan fitilun gaban sitiyari suka kama. Ban da wannan, shiru. Na ƙara murɗawa. Shiru. Tantabaru suna kan kwano, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Shuɗi ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Leɓensa yana motsi, amma ba da mu yake magana ba. Matar direban ta juya kai tana share ido, ko da yake ba wanda ya ba ta labari.

Da suka tafi ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya saka guntun salatif ɗin tare da 'yan uwansa shida. A kan kanta ba abin da ya rage sai wurin zaman kwalin, fes, ƙura kewaye da shi.

Washegari ya riga ni fitowa. Na same shi a kan tsohuwar tayar nan, fuskarsa wajen hanya. Muka gaisa. Wata a-kori-kura ta wuce, ya bi ta da kunne har ta ɓace.

"Maƙwabci, ka tuna shekarar da ruwa ya shigo mana gareji? Akwai wata mai ruwan toka da aka turo. Ni na taɓa ta, ko Yaya ne ya aika su wani wuri?"

"Bakwai ka ce mini."

"Bakwai na ce," in ji shi.

Bayan kwana huɗu na ga sabon kwali a kan kanta, daidai wurin da babu ƙura. Ban tambaye shi ba. Ni ma dai yanzu, duk tayar da zan kwance, sai na fara leƙawa.