Ƙarfen da Na Yi Oda Daga Caina

Shekarar da tayar amalanke ta bi ta kan ƙafata ta hagu, mutanen garinmu sun gama tsara mini sauran rayuwata tun ɗorin bai kama ba. Amalanken yayana ne, taki muka ɗauko, shi yake kora shanun, ni kuma na sunkuya ina gyara buhun da ya zamo. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah Ya saka masa. Ƙashi ya haɗe, amma idon sawun ya sandare. Ina takawa, ina tsayawa a kanta, sai dai ba ta lanƙwasuwa sama ko ƙasa. To, da wannan ƙafar ake sa wa babur giya.

Ni malamin firamare ne, makarantar tana can wani ƙauye ta wajen Shanono. Ba mota mai zuwa sai ranar kasuwa. Hanyar 'yar siririya ce tsakanin gonaki, da damina dawa takan rufe ka har kai. Babur ɗina roba-roba, marar kuloci, shi ne ƙafata shekara da shekaru. Hedimasta ya zo dubiya, ya yi addu'a, sannan ya faɗa mini gaskiya: in aka dawo hutu ban dawo ba, dole ya rubuta wa ofis a kawo wani.

Yaya kuwa tuni ya yanke hukunci. Kullum da hantsi sai ya shigo zaure ya zauna, bai taɓa kallon ƙafar ba, bango yake kallo.

"A sayar da mashin ɗin nan," in ji shi. "A buɗe maka tireda a ƙofar gida. Hatsinka da na iyalinka yana wuyana har ƙarshen raina."

Na ce, "Yaya, ni na ce maka yunwa nake ji?"

Ya ce taurin kaina ba yau aka fara ba. Na ce to, ba kuma yau za a daina ba. Wallahi na ji haushin wannan alherin fiye da yadda na ji zafin tayar. Ni da nake tsayawa gaban allo tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari, yanzu a zaunar da ni ina auna wa yara sukari a leda!

A waya na ga abin. Gidanmu sabis ba ya shiga, sai ka hau tudun bayan masallaci, don haka can nake ɗingisawa bayan la'asar. Wata rana na ci karo da bidiyon wani tsoho a wata ƙasa yana tuƙa babur yana sa giya da hannu. Sanda ce ta ƙarfe da ta taso daga inda ƙafa take takawa har zuwa gwiwa, da ɗan dunƙulallen kai baƙi a samanta. Na kalla ya fi sau goma. Na yi ta lalube har na samo ta a wata manhajar sayayya, wurin wani mai kaya a Caina, da araha har sai da na yi zargin idona ne.

Mutumin ya ce in auna masa ƙarfen giyar. Na auna da rular aji, na ɗauki hoto na tura. Ya ce daidai ne. Da aka zo adireshi, wai lambar gida da sunan titi. Wane titi? Gidanmu bayan tsamiyar maƙera yake, kowa ya sani har jakuna. Na sa adireshin shagon wani mai sayar da taki a Kano, wanda direban motar kasuwarmu yake wa lodi. Katina na banki sai a karo na uku ya shiga.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa mutum ɗaya a majalisa. Kafin magariba gari ya ɗauka. "Malam, jirgin naka bai sauka ba?" "Malam, in kayan sun zo a sammana." Wani ma ya rantse kuɗina sun bi ruwa, wai ɗan ƙanwarsa ya yi odar takalmi aka kawo masa ƙafa ɗaya. Na ce su jira. Sati biyar ina hawa tudun nan ina duba inda kaya suka kwana, ga hutu yana ƙarewa.

Direban bai yi mini adalci ba, a tsakiyar majalisa ya miƙo mini ƙunshin. Ba damar in kai gida, sai na yage ledar a gabansu. Kai! Abin da na gani a hoto kamar muciya, sai ga shi kamar mariƙin ludayi, sai ƙyalli. Na sa hannu biyu in gwada ƙwarinsa, ya lanƙwashe. Har da masu faɗuwa daga benci don dariya. Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Jibi dillali zai zo," ya tashi ya tafi.

Na kai wa bakanike, ya juya shi da yatsa biyu, ya ce shi ba ya ɗaura abin da ba a Kano aka sayo ba, in na faɗi a ce shi ne. Na karɓe kayana ban yi masa sallama ba. Raina ya ɓaci matuƙa, kunya kuma ta ishe ni. Ina wucewa ta gindin tsamiya sai tsohon maƙerin garinmu, wanda yake yi mana fartanya da lauje tun muna yara, ya kira ni.

"Malam, kawo mu ga abin dariyar."

Na miƙa masa a fusace. Ya daɗe yana dubawa. Ya kwance kusoshin, ya jera su a ƙasa, ya motsa gaɓar da ke tsakiya gaba da baya.

"Ƙarfen dai na banza ne," ya ce. "Amma wanda ya yi wannan yana da kai. Ka ga nan? In ka ja baya, ya danna ƙasa. In ka tura, ya ɗaga. Turo mashin ɗin."

Da guntun sifirin ɗin mota ya ƙera sabo. Ya ajiye na Cainan a gefe yana kallo yana bugu, ni ina masa zuga. Sau uku muna ɗaurawa muna kwancewa, gaɓar tana cijewa. Washegari da la'asar ta saki. Baƙin kan nan kawai muka ciro daga na odar muka ɗaura a sama, don ya yi daɗin kamawa. Na ce, "Baba, ashe asarar kuɗi na yi." Ya ce, "Da ba ka sayo ba, me zan kalla?"

Da safe Yaya ya iso da dillali, 'yan majalisa suna biye don kallo. Suka tarar da ni a kan babur, na sa rigar makaranta, an ɗaure rajista a baya. Na tayar. Na ja sandar, giya ta faɗa ƙwas, kowa ya ji. Na zaga filin ƙofar gida sau biyu, na zo gabansu na tsaya a kan ƙafar da suka yi wa jana'iza.

Na ce wa dillali ya yi haƙuri, an wahalar da shi. Sannan na juya.

"Yaya, yau kasuwar hanyarmu take ci, ba ka ce za ka duba iri ba? Hau."

Ya tsaya. Ran nan ne ya fara kallon ƙafar tun da abin ya faru, ya kalle ta sosai. Idonsa ya yi ja.

"Ni na taka ka," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Na sani, ai ina wurin. Hau, zan makara."

Ya tattara riga ya hau. Muka shiga tsakanin dawa, ganye yana marin gwiwoyinmu. Ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Don Allah ka tafi a hankali."

Na kai hannu na sa ta huɗu.