Haɓon Gidan Kaka

Duk wanda ya zauna a zangon Sokodé, a ƙasar Togo, ya san 'yan gidan Kaka da haɓo. Uban ya yi fama da shi, 'ya'yan kuma suka gada, haɗe da jajayen ɗigo a leɓe da yatsu. Fuseni mahauci ne ya fi shan wahala. Da auduga a hanci yake saran nama, abokan sana'a suna yi masa tsiya wai ya fi bijimin da ya yanka zubar da jini.

Da ya haura arba'in sai numfashi ya fara gagararsa, ƙafafunsa suka kumbura. Wansa Issifou, wanda ya daɗe yana aiki a Faransa, ya kai shi asibiti a can. Likitoci suka gano cewa hanyoyin jinin hantarsa sun haɗe, jini yana ratsawa da gudu ya koma zuciya, ita kuma tana aikin da ya fi ƙarfinta. Maganin shi ne a dasa masa wata hanta. Suka sa shi a layin masu jira, suka ce ya je ya yi sallama da iyalinsa, ya dawo ya jira kusa da su.

"Mushe," ya ce mini da ya dawo gida, wato "monsieur", yadda ake kiran mu malaman makaranta, "tun ina yaro nake yanko wa mutane hanta. Yau ni ke jiran a yanko mini."

A farkon 1993 yajin aiki da harbe-harbe sun hana bin Lomé, sai aka shirya ya hau jirgi a Ouagadougou. Ƙanwarsa Fulera ta raka shi, ni ma na bi su saboda Faransanci. A al'adar gidansu mahauci ba ya kwana nesa da wuƙarsa, don haka ya naɗe ta a tsumma ya sa a jaka. Ba mu sani ba.

Zafin hanya ya tayar masa da haɓo tun daga garin Mango. Kafin mu kusanci Dapaong gaban rigarsa ya jiƙe. Nan muka tarar da shinge na duwatsu da ƙonannun tayoyi, da mutane ɗauke da bindigogi, wasu da kaki wasu babu. Suka sauke mu, suka zazzage jakunkuna, wuƙar ta faɗo a kan kwalta.

Babbansu ya dubi wuƙar, ya dubi rigar. "Wa ka kashe?"

"Ranka ya daɗe, saniya ma na daɗe ban kashe ba."

Aka mare shi. Na matso na yi bayanin cutar dalla-dalla, wani ya hankaɗe ni cikin kwalbati, ya ce 'yan boko ne suka lalata ƙasar. Suka kayar da Fuseni, suna duka da gindin bindiga a haƙarƙarinsa na dama, suna cewa ya faɗi sunayen 'yan zanga-zangar da suka aiko shi. Fulera ta faɗa kansa tana ihu: "Jininsa ne! Jinin gidanmu ne! Ku dubi leɓena!" Takalmi ya same ta a fuska, nata hancin ya ɓalle, jini ya yi ta zuba ba tsayawa. Sai a lokacin suka ja da baya. Babban ya harbi wuƙar da ƙafa, ya ce mu kwashe ƙazantarmu mu wuce.

A mota cikin Fuseni ya kumbura, leɓensa ya yi fari fat. Direba ya ce mu zarce Cinkassé mu tsallake iyaka, amma Fulera ta ce asibiti. A Dapaong muka samu likita, ya danna cikin, ya ce hantar ta fashe, kuma ba wannan ne wurin da za a iya gyara ta ba.

Fuseni ya kama hannun ƙanwarsa. "Fule, ki toshe hancinki, kina ɓata wa mutane ɗaki. Ki gaya wa Yaya ya ba wani layina."

Ya cika kafin la'asar. Mahautan Dapaong ba su taɓa ganinsa ba, amma da suka ji labari sai suka rufe rumfunansu, suka yi masa wanka da sutura. Su suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabarta, ta gefen titin da hayaƙin taya bai gama lafawa ba.