Damin Geron Iliya

Ina tsugune gindin murhu ina juya wa Gwaggo Tabita ƙuli-ƙuli a cikin mai, sai salulata ta yi ƙara. Zubairu ne, ɗan maƙwabciyarmu Inna Dije, daga tashar Agadas. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce kamyon da Iliya yake wa makanike, wanda ya tashi zuwa wajen haƙar zinariya a Jado, bai isa ba. Motocin da suka kama hanya tare duk sun sauka, har wasu sun juyo. Ina cikin tambayarsa ko suna da isasshen ruwa, rezon waya ya ɗauke.

Iliya ɗan fari ne ga Gwaggo, kuma shi kaɗai ne namiji. Ni ɗiyar ƙanenta ce, a hannunta na tashi a nan Waca. Direban motar kuwa, Dalhatu, ƙanen Inna Dije ne.

Na faɗa wa Gwaggo. Ta tsame ƙulin da ya fara ƙonewa, ta goge hannu a zane, ta ce, "To. Mu gode wa Ubangiji."

"Mu gode da me, Gwaggo?"

"Da aka samu mai sanar da mu. Wasu a kasuwa suke tsintar labarin 'ya'yansu."

Sai na ji kamar in kifar da kaskon.

Ba yau ta fara ba. A Dungas aka haife ta, ubanta yana cikin Kiristocin farko na garin, aure ya kawo ta Waca. Tun rasuwar mijinta da man gyaɗa da ƙuli take riƙe gida, kuma ita ke buga tulu idan matan zumunta na majami'armu suna waƙa. Addu'arta ta safe daga rijiyar da ubanta ya haƙa take farawa. Ta gode da ita, ta gode da akuyar da ta haifi biyu shekarar da ake fari, ta gode da ƙafarta da ta warke bayan jaki ya take ta, har da telan da ya ɓata mata atamfa, wai ya koya mata haƙuri. Kafin ta iso kan roƙo, kunu ya huce. Iliya yakan ce mini, "Rahila, in kina da mota a tasha, kada ki bari Innata ta sa wa abinci albarka."

Da can dariya abin yake ba ni, yanzu kuwa haushi. Na gama jami'a a Damagaram, lisansina, wato takardar digiri, na cikin akwati, ina jiran a kira ni sarbis sibik, aikin bautar ƙasa, ba ni da aikin yi sai tunani. Na san yadda ruwa ke ƙarewa a bido, jarkar matafiya. Na ga hotunan motocin da suka ɓace a hamadar Tenere. In na hau tudun bayan gida neman rezo, ina jiyo ta tana tuyar ƙuli tana rera waƙar da ta ƙirƙira da kanta: wanda ya ciyar da ni jiya bai yi ƙaura ba. Na ce mu je jandarmari, ta yarda, muka je, aka ce mu jira. A hanyar dawowa ta gode da kujerar da suka ba mu.

Ana cikin haka Lahadin godiyar kaka ta zo. A majami'armu, bayan girbi kowane gida yakan kai abin da gona ta ba shi, a ɗora a amalanken jaki, mata na biye da waƙa har ƙofa. Iliya ya shuka gonarsa kafin ya tafi, geron kuwa ya yi kyau. Da safe na tarar Gwaggo ta sa an ɗora dami mafi girma, ta ɗaura ɗankwalin zumunta, ta rungumi tulunta.

"Gwaggo, bana ki bari mana. Mutane za su ce me?"

"Geron ya yi ko bai yi ba?"

"Ya yi, amma mai geron fa?"

"Wannan zance daban ne. Ɗauko takalminki, Malama mai lisansi, rana na yi."

Haka muka fito, ita a gaba tana dukan tulu, matan zumunta na amsawa, ni a baya ina kallon salula. Abin da ba ta lissafa ba, ni ma ban lissafa ba, shi ne duk unguwa ta san halin da muke ciki, kuma maƙwabtanmu Musulmi ne, ba su riƙe ranakun bukukuwanmu a kai ba. Uwar da ɗanta ya ɓace a hamada ta fito da kiɗa da dami, me za su ɗauka? Mai shayi ya ɗaga hannu, "Barka da arziki!" Mai faci ya bar taya ya biyo mu. Ni nake tsayawa ina cewa ba a same su ba, godiyar kaka ce, in ga fuska ta sauya, in wuce in sake faɗa wa na gaba.

Sai ga Inna Dije ta fito a guje, ba mayafi, hannunta duk ƙullu, tana rangaɗa guɗa. Ta kama ni ta girgiza. "Dalhatu fa? Yana lafiya? Wa ya kira?"

Ban san yadda na faɗa mata ba. Ta sake ni a hankali, ta zauna a ƙasa nan bakin hanya. Kiɗa ya tsaya.

"Haba Tabita," in ji ta. "Shekara nawa muna katanga ɗaya, ki rasa aiko mini ko kaza ta faɗa mini bikinku ne? Kin sa na yi wa ƙanena guɗa yana can ban san ko yana numfashi ba."

Gwaggo ta ajiye tulu, ta durƙusa gabanta. "Na yi laifi, Dije, ki yafe mini. Ban yi tunaninki ba."

"To ke wace irin zuciya gare ki?"

"Irin taki. Ban san labarin da zai zo ba. In na jira shi, wataƙila bakina ba zai buɗu ba. Gara in yi godiyata tun ina iyawa."

Gwaggo ta miƙe ta ɗauki tulunta, suka ci gaba da tafiya. Haushina bai tafi ba, don ni aka bari da raka Inna Dije gida, ni na ba ta ruwa, ni na saurari sauran faɗan. Da na isa majami'a an kusa gamawa. Fasto yana tambayar kowane mai kawowa sunan gidan da kayan suka fito. Gwaggo, da tunda nake ban taɓa jin ta kama sunan ɗan farinta ba, sai dai "yaron nan" ko "mai mota", ta dafa damin ta ce, "Na Iliya ne." Na fita waje, don ban so a ga fuskata.

Yanzu da la'asar Inna Dije takan shigo da carbinta ta zauna a tabarma, Gwaggo na tuya tana waƙa ƙasa-ƙasa. Wani lokaci Inna Dije ta ce, "Rage murya, kada mai shayi ya sake kawo mana barka." Jiya ma Gwaggo ta gode da cajin salulata da bai ƙare ba, na yi tsaki na hau tudu.

Zubairu ya ce motoci biyu sun fita nema tare da sojoji, sun bi ta hanyar wata tsohuwar rijiya. Ba su dawo ba tukuna. Ba mu ji komai game da Iliya da Dalhatu ba.